Na tsinci tsohuwar modem ɗin Babanmu: wai kukan me take yi, kuma za ta iya tashi?

Abban Hanifa

Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar ɗin da ta wuce ni da ƙanena muka shiga kwashe kayan ɗakin ajiyar marigayi Babanmu a Fagge, Allah Ya gafarta masa, don ruwan bana ya fara ratsa silin. Can ƙasan wani akwatin ƙarfe, ƙarƙashin rasiɗan Kantin Kwari da kalandun da ɓera ya gama cin gefensu, sai ga wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Asalinta fara ce, yanzu ta koma kalar kunun gyaɗa. An rubuta US Robotics Sportster 56K a jikinta, ga 'yan fitilu bakwai a jere, ga kafar waya biyu a bayanta. Har adaftarta tana nan a ƙulle cikin leda.

Ina ganinta wallahi kukan nan ya dawo mini a kunne. A 1999 Baba ya kawo ta daga Dubai tare da kwamfuta mai Windows 98, lokacin ina aji huɗu a firamare. Shi ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa, ba ruwansa da boko mai zurfi. Abin da ya sa ya saya biyu ne: masu aiko masa da kaya sun fara cewa a bar fakis a koma imel, sannan Yayanmu babba ya tafi karatu Ingila, kiran waya kuwa yana cin kuɗi kamar wuta.

Bayan sallar isha'i ake kunnawa. Ɗan wan Baba, wanda ya ɗan iya, shi yake zama a kujera, Baba yana tsaye a kansa da carbi. Za ka ji tit-tit-tit kamar ana buga lamba, sai wani dogon fito, sai ƙiiii-ƙurrr, sai shuuu kamar an watsa ruwa a cikin mai mai zafi. Sai kuma tsit. In aka yi tsit ɗin nan sai Baba ya ce "alhamdu lillahi, ta shiga." Kakarmu kuwa "aljanin Alhaji" take ce mata, in ta ji an fara sai ta ja mayafi ta koma ɗakinta tana a'uziyya.

Akwai daren da ba na mantawa. Yaya ya aiko hotonsa a cikin dusar ƙanƙara, hoton yana saukowa daga sama layi-layi. An daɗe ana jira, an samu sararin sama, an samu rufin wani gini, an samu hularsa, an iso goshinsa. Ni kuma ina falo, sai na ɗaga kan ɗaya wayar don in ji ko aljanin yana magana. Na ji shuuu a kunnena, na ajiye. Daga ɗakin Baba na jiyo salati. Ranar kunnena ya sha murɗa, kuma sai washegari muka ga fuskar Yaya.

To masana, don Allah, mene ne ainihin wancan kukan? Me ya sa ɗaga kan waya kawai yake yanke komai? Kuma in na jona ta yanzu, akwai abin da za ta yi, ko in ba 'yan gwangwan?

Ɗan Kabuga

Yaya ni fa da na ga 56K na ɗauka kuɗinta aka rubuta, dubu hamsin da shida. Na ce ashe tun zamanin da akwai tsada. Kada ka ba 'yan jari-bola, ajiye mana mu zo kallo, mu da muka buɗi ido muka ga 3G.

Injiniya Mai Waya

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya sa ya huta. Ɗana ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi, don wannan ita ce sana'ar da na ci abinci da ita daga ƙarshen shekarun 1990 har wayar hannu ta kore mu. Gidaje da ofisoshi a Bompai, Nasarawa, Sabon Gari da cikin gari, na sha ɗaukar jakata in je haɗa irin wannan.

Tunda gidan kasuwa ka tashi, abin ba zai yi maka wuya ba. Kukan nan ciniki ne.

Layin tarho don muryar ɗan'adam aka yi shi, ba ya ɗaukar komai sai sauti, shi ma ɗan tsakaitacce, daga wajen 300 zuwa 3,400 a ma'aunin hertz. Kwamfuta kuwa ba ta san murya ba, sifili da ɗaya kawai ta sani. Aikin modem shi ne ta mayar da lissafin kwamfuta ya zama sauti ya bi waya, ta can ɓangaren kuma ta mayar da sautin lissafi. Tit-tit ɗin farko lambar kamfanin intanet take bugawa, kamar yadda za ka buga da yatsa. Dogon fiton nan sallamar ta can ce, tana cewa ni ma na'ura ce ba mutum ba. Daga nan sai a shiga taye. Kowacce ta faɗi irin gudun da ta iya. Sai su riƙa jefa wa juna sautuka iri-iri don su auna lafiyar layin, kamar yadda Alhaji zai warware turmi ya ɗaga shi a rana kafin ya yi magana. Wannan ta taya da gudu mai yawa, layi ya ce albarka, a sauko, a sake tayawa, har a kai inda aka sallama. Shuuu ɗin ƙarshe gwaji ne na farashin da aka tsaya a kai. Tsit ɗin da Alhaji yake wa hamdala kuwa ba wai sun daina magana ba ne, lasifikar ce kawai take kashe kanta in an daidaita. Shi ya sa da ka ɗaga kan wayar falo ka ji suna ta yi.

Nan ne kuma amsar tambayarka ta biyu. Waya ɗaya ce ta jan ƙarfe ta shigo gidanku, aka raba ta ɗaki-ɗaki. Da ka ɗaga, ka canza ƙarfin wutar da ke kan layin, numfashinka da ƙarar fankar falo suka shiga tsakiyar zancensu. Wani lokacin su daure su sake ciniki, wani lokacin su watse. Ranar ba ka yi sa'a ba.

Shi kuma ɗana na Kabuga, 56K ɗin gudu ne, bit dubu 56 a daƙiƙa, wato in komai ya tafi daidai kilobayit 7. Bari in kwatanta maka da abin da ka sani. Data 1GB ɗin da kake ƙonawa kafin la'asar, da wannan na'urar sai ka yi kusan awa 40 tana ja ba tsayawa kafin ta sauke ta. Kuma wannan ita ce ƙarshen gudu, ita ce mai tsada. Modem ta farko da ta yi suna, Bell 103 da kamfanin tarho na Amurka ya fitar a 1962, bit 300 take yi, wajen harafi 30 a daƙiƙa, kana iya karanta rubutu yana fitowa. A 1981 kamfanin Hayes ya fito da wadda kwamfuta take ba umarni ta buga lamba da kanta, kuma umarnin nasu masu farawa da AT su kowa ya kwaikwaya, har taka. Aka hau 14,400 a 1991, aka hau 28,800 a 1994, sannan 33,600. A 1997 aka shiga rigimar 56K: US Robotics da nasu tsarin x2, Rockwell da Lucent da nasu K56flex, kuma ba sa jin yaren juna. In modem ɗinka da ta kamfanin intanet ba gida ɗaya suke ba, sai ku koma 33,600. Sai a 1998 aka sasanta da tsarin V.90. Tunda a 1999 Alhaji ya saya, ina kyautata zaton taku ta bayan sulhu ce.

Amma fa 56 ɗin a kwali take. Ko a Amurka doka ta taƙaita ƙarfin sautin, ba ta wuce wajen 53. Kuma sai ɓangaren kamfanin intanet yana kan layi na zamani, sannan saukewa kawai take yi da wannan gudun, aikawa 33,600 ne. Ni a Kano in na ga ta rubuta 33,600 murna nake yi in karɓi kuɗin aikina. Nisan gida daga ofishin musayar waya yana rage ta, tsohon joni yana rage ta, damina kuwa in danshi ya shiga waya sai ka ji layi yana tsatsa kamar ana suyar ƙosai. Ga tsawa. Duk shekara in ruwa ya sauka sai na tara matattun modem a shago, don mutane suna cire filogin wuta su manta da wayar tarho, ta nan take shigowa.

Kuɗi kuma baki biyu yake ci: ka biya kamfanin intanet, ka biya mintocin tarho. A 1996 hukumar sadarwa ta NCC ta fara ba kamfanoni lasisin wannan harka, kamfanin Linkserve ya fara aiki a Legas a 1997, kuma yawancin na farkon can suke. Wanda kamfaninsa ba shi da lamba mai 064, to 01 zai buga, kiran nesa ke nan duk minti. Don haka abin da nake fara koya wa mutum shi ne ya rubuta duk wasiƙunsa a manhajar imel ta Outlook Express layi yana kashe, ya haɗa, ya aika, ya karɓa, ya yanke. Minti uku an gama. Yawo a intanet sai mai ƙarfin hali.

Maman Walid

Allah Ya saka da alheri Baba Injiniya, yau na san abin da na shekara ashirin da wani abu ina ji ban sani ba.

Abban Hanifa, kai kunne ɗaya aka murɗe maka, mu gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi rigimar har Saudiyya ta kai. Wayarmu ita ce ta layin gidanmu gaba ɗaya. Maƙwabta ita suke bayarwa, a kira a ce don Allah a kira mini wance, zan sake bugowa nan da minti goma, a tura yaro da gudu. Babanmu har ɗan kwaɗo ya sa mata saboda bil. To da aka kawo kwamfuta, Yayana ya gano cewa ita modem ba ruwanta da kwaɗo, bayan kabad yake zagayawa ya zare wayar daga bango ya soka a tata. Daga sha ɗayan dare har asuba yana Yahoo Messenger da wasu da ko ƙasarsu bai sani ba.

Gwaggonmu da ke Jidda da daddare take bugowa in ta gama hidimarta. Dare uku a jere tana jin layi a cike. Hankalinta ya tashi, ta ce ba a cika layi haka sai in rasuwa aka yi ana ta sanar da dangi, kuma ita ake ɓoye wa. Ta buga wa wani ɗan uwa a Kaduna, shi kuma ya kamo hanya da sassafe. Muna karin kumallo sai ga shi ya yi sallama da jajayen idanu yana duba fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga mu. Ba a gama wannan dariyar ba bil ya iso. Ranar ba wanda ya yi dariya.

Ni kuma ina BUK lokacin, abin da na fi amfana da shi neman kayan rubuta furojet. In na samu shafi sai in adana shi a fulofi, 1.44MB, in kai makaranta. Rabin lokaci ka je ka tarar fulofin ya lalace a jaka. Amma har yau ina tuna yadda Babanmu yake sa a buɗe masa shafin intanet na Gamji ya karanta muhawarar 'yan boko, yana gyara tabarau yana cewa yaro ya yi sauri kuɗi na tafiya.

Mai Kafe Zoo Road

Salamu alaikum. Ni dai zan ɗan saɓa muku, ku yi haƙuri. Wannan labarin na 'yan gata ne. Kafin GSM layukan tarho da ke aiki a Najeriya gaba ɗaya wajen 400,000 ne, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 100, kusan duka na NITEL. Gida nawa ne a Kurna ko Ɗorayi yake da wayar girke, balle kwamfuta? Mutanen Kano ba a ɗakin babansu suka koyi intanet ba, a wajenmu suka koya.

Na fara da yaron shago, daga baya na riƙe kafe. Farkon farawa mu ma modem ɗaya ce irin ta Abban Hanifa aka raba wa kwamfuta huɗu. Ku yi lissafi da abin da Baba Injiniya ya faɗa, ku raba huɗu. Mutum zai sayi awa guda, rabinta ya tafi yana kallon akwatin Yahoo yana buɗewa. In layi ya yanke duk shago ya ɗauki "Mai kafe! Mai kafe!", in sake bugawa kowa ya yi shiru yana sauraren kukan kamar ana jiran sanarwar ganin wata. Lambobin da kwamfuta take nunawa in an samu matsala har yau suna kaina: 678 can ba a ɗauka ba, 676 layi a cike, 680 babu layin ma sam, 691 kalmar sirri ba daidai ba, wanda sau da yawa ma'anarsa kuɗinka ya ƙare. Da maigidana ya samu hali ya kafa kwandon VSAT a saman bene, muka rabu da layin tarho, muka fara kwanan shago, a rufe ƙofa da daddare sai asuba.

Mutum nawa na buɗe wa imel, Allah kaɗai Ya sani. Akwai littafi mai layi da nake rubuta musu suna da kalmar sirri don gobe za su dawo sun manta, kuma ba wanda ya taɓa ganin aibin haka. Da cacar bizar Amurka ta koma ta intanet a ƙarshen 2003, layi har bakin titi.

Abin da ya kashe modem ɗin gida ba ɓoyayye ba ne. Econet da MTN suka fara a Agustan 2001, Glo ta shigo 2003, kowa ya sa waya a aljihu, aka daina gyara ta girke in ta mutu. Sai wayoyin Starcomms da ake jonawa da kwamfuta, sai 'yar ƙaramar nan mai kama da filashi da ake sa wa sim, ita ma aka ce mata modem, har yara suka ɗauka ita ce ta asali. Turawan ma ba su daɗe da rufe babin ba, sai ƙarshen Satumban 2025 kamfanin intanet na AOL ya daina harkar intanet ta layin tarho a Amurka.

Injiniya Mai Waya

Gaskiyarka Mai Kafe, ban musa ba. Gidajen da na yi wa aiki ba su kai kafe ɗaya yawan mutane ba.

Ɗana Abban Hanifa, na manta tambayarka ta ƙarshe. Intanet dai ba za ta ba ka ba, don sai da layin girke mai rai da kuma wata modem a can da za ta amsa. Amma kana iya sanin ko tana da rai. Kafin komai duba rubutun jikin adaftar. In ka ga 220 ko 230 ko 240, jona. In 110 ko 120 ka gani ta Amurka ce, kada ka kusanta da soket ɗinmu sai da taransifoma, in ba haka ba hayaƙi za ka gani. Kuma kada ka ɗauko wata adaftar don bakinta ya shiga. Sannan ka leƙa Beirut Road ka nemi wayar da ke haɗa USB da tsohuwar kafar siriyal, ka tafi da modem ɗin a hannu don kafarta mai faɗi ce, za ka buƙaci mahaɗi. Ka sauke manhajar PuTTY a kwamfutarka, ka zaɓi kafar, ka rubuta AT ka danna Enter. In ta ce OK, to da sauranta.

Abban Hanifa

Baba Injiniya, Allah Ya ƙara girma. Hajiya Maman Walid kin sa na yi dariya har matata ta leƙo. Mai Kafe na karɓi gyara, kuma ina jin ni ma sunana yana cikin littafin nan naka.

Adaftar 230 ce. Shago na huɗu na samu wayar, mai shagon yana ta juya modem ɗin yana tambaya ta ko na'urar gwajin sukari ce. Jiya bayan isha'i na kai ta ɗakin Hajiyarmu na jona. Fitilu biyu suka kawo ja. Na rubuta AT, ta ce OK.

Sai na rubuta ATDT, umarnin buga lamba, na bi shi da tsohuwar lambar gidanmu, wadda ban san ina riƙe da ita ba sai da yatsuna suka buga. Ta yi ƙas sau ɗaya, irin ƙarar nan ta kafin ta fara. Hajiya tana kan sallaya ta ɗago kai ta ce, "Kai, wannan ba abin Alhaji ba ne?" Muka yi shiru muna jira. Sai ta rubuta NO DIAL TONE, wato babu layi.

Hajiya ta ce in goge mata ƙura in ɗora ta a kan kabad kusa da rediyonsa. Ɗan Kabuga, in za ka zo kallo ka zo da rana, ta fi sakin fuska kafin la'asar.